Allurar Auta da Almakashin Mai Girma

Jama'a, yau Laraba na yi fashi da rana tsaka, a gaban 'yan sanda huɗu da masu ɗaukar hoto, kuma har tafi aka yi mini. Kafin wani ya kawo muku labarin a karkace, gara ku ji shi daga bakin ɓarauniyar.

Autata ce sila. Wata tara ke nan da aka yi mata aiki aka ciro mata ɗa. Likita ya dube ta, ya dubi mijinta, ya ce shekara biyu cur ba ciki, in ba haka ba ɗinkin nan ba zai ɗauka ba. Mijin direban babbar mota ne, mutumin kirki, shi da kansa ya kai ta ƙaramin asibitin unguwarmu aka fara mata allurar tazarar haihuwa, ta wata uku-uku. An yi mata biyu lafiya lau. Ta ukun ce ta zama aiki.

Mako biyar muna sintiri. Kuma ba wai babu allurar ba ne. Da babu ce, da mun ce ƙaddara mun rungumi haƙuri. Tana nan, kwali a kan kwali a cikin sito, ta taga ma ana hango ta. Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke duba mata, ta ce takarda aka turo daga sama: kada wanda ya taɓa ko kwali ɗaya sai Mai Girma ya zo ya ƙaddamar. Shi kuwa Mai Girma, Uban Masu Almakashi, Allah ya ƙara masa lafiyar yatsu, sau uku yana sa rana yana ɗagawa. Na farko ya tafi ƙasar waje taron yadda za a ceci mata. Na biyu ya koma can a duba masa haƙori. Na uku an rasa rumfa mai launin da yake so.

Ana cikin haka Direba ya bugo waya, wai ran Asabar yana tafe. Wata biyu rabonsa da gida.

Na faɗa wa maƙwabciyata mai markaɗe. Ta kashe inji ta ce, "Yo ba sai ya yi haƙuri ba?"

Na ce, "Ke naki ya taɓa yi?"

Ta ce, "Tara gare ni."

Na ce, "To tayar da injinki."

Kada ku ga ina raha ku ɗauka abin dariya ne a wurina. 'Ya'ya biyu Allah ya ba ni, duka mata. Babbar ta yi haihuwa shida cikin shekara tara, ta bakwai ta tafi da ita. Jini ne ya ɓalle, kafin a samo mota ta riga ta yi sanyi a cinyata. Bayan an share makoki ina kwashe kayanta na tsinci katin asibitin nan cikin jakarta. Karatuna bai yi nisa ba, amma na iya karanta kwanan wata. Sau uku ta je, sau uku aka rubuta mata ta dawo, babu kaya. Ban ma san tana zuwa ba, kunyata take ji. Yanzu biyu daga cikin 'ya'yanta a ɗakina suke kwana, ƙaramar har yau in an buga ƙofa sai ta leƙa. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya yi tsalle. Ni igiyar ma na daina jira in gani.

To yau dai aka ce Mai Girma zai zo da gaske. Tun da safe muka tarar an shafa wa bangon asibiti fenti, iya gefen da ke kallon titi. An kafa rumfa uku, an jera kujeru masu laushi na manya, mu kuma aka ba mu benci a rana. Aka raba mana riguna da huluna masu rubutu. Wani mai ƙaton tumbi ya koya mana tafi: in ya ɗaga hanki, ƙyallensa na share gumi, mu tafa, in ya sauke mu tsaya. Mata wajen saba'in, kowace da goyo da katinta a hannu, muna ta gwajin tafi har rana ta take tsaka.

Sai ga jiniya. Mota goma sha ɗaya na ƙirga, saboda zuwa yanka ƙyalle guda. Ban ga laifinsu ba, almakashi abu ne mai nauyi.

Mai Girma ya yi jawabi, kuma gaskiya bakinsa da zaƙi. Ya ce mace ita ce ginshiƙin al'umma. Hanki ya tashi, muka tafa. Ya ce daga yau ba macen da za ta sake mutuwa wajen haihuwa. Hanki ya tashi. Hannuna ya ƙi. Ya ce shi ba ya barci saboda tunaninmu. Mai markaɗe ta raɗa mini, "Ga shi kuwa rashin barcin ya karɓe shi, wuya har uku."

Aka fito da ƙaramin kwali ɗaya daga sito, an ɗaure shi da jan kintinkiri kamar kayan lefen aljana. Ya yanka, aka tafa. Sai mai riƙe masa jaka, wani dogo mai baƙin tabarau, ya ce, "A samo mana mace ɗaya ta karɓa, wadda fuskarta ta nuna wahala." Auta tana can baya tana ba ɗa nono. Ya bi layin 'yan mata masu goyo da kallo, bai ga wadda ta yi masa ba, sai idonsa ya sauka a kaina.

"Yauwa, Mama, taso."

Jama'a, ni da na yi sallama da wannan harka tun kafin a haifi mai tabaraun. Amma ba a mayar da hannun kyauta baya. Na gyara hula na taso.

Mai Girma ya miƙo kwali, idonsa na kan mai hoto. Ya ce, "Mama, 'ya'ya nawa?"

Na ce, "Biyu ne, ranka ya daɗe, saura ɗaya."

Ya ce, "Madalla! Kun ji masu tsari ko?"

Aka tafa. Na riƙe kwali da hannu biyu. Aka ɗauki hoto ta dama, aka ɗauka ta hagu. Ana gamawa Mai Tabarau ya matso ya miƙo hannu.

"Kawo, Mama, na hoto ne."

"Na me?"

"Na hoto. Rabo sai an kafa kwamiti, wata mai zuwa in Allah ya yarda."

Na ce, "Ɗan nan, surukina ran Asabar zai dawo. Kwamitin naku zai iya tare shi a hanya?"

Ya ce bai gane ba. Na ce zai gane in ya yi aure. Ya kama gefen kwali, na tura shi ƙarƙashin hammata. Allah da ikonsa, lasifikar da Mai Girma ya yi jawabi da ita tana nan a gabana ba a kashe ba. Na kafa baki a kai.

"Jama'a, ku taya ni godiya! Mai Girma ya ba ni da hannunsa mai albarka, a gaban kowa. Ga wani nan yana so ya sa shi ya lashe amansa. Ni kuwa na ce babban mutum irin wannan, wanda ko barci ba ya yi saboda mu, ba a taɓa jin ya yi kyauta ya bi sawunta ba!"

Wannan karon ba wanda ya jira hanki. Mata suka ɓarke da tafi da guɗa, jarirai suka farka suka taya mu. Masu hoto suka juyo. Mai Girma ya yi murmushin wanda ya taka ƙaya a gaban surukai, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar mata, ai domin su muka kawo." Bai jira lemo ba ya shige mota.

Kafin ƙarar jiniya ta ɓace an mayar wa sito kwaɗonsa. Ni kuma na ja Auta muka shige ɗakin Sista. Na ɗora kwali a tebur na ce, "Ko wannan ma sai an kafa kwamiti?"

Ta buɗe, allura ashirin da biyar har da sirinjinsu. Ta ce, "Takarda ta hana ni taɓa kayan sito. Wannan kuwa kayanki ne, Mama, hannuna kawai kika ara." Ta gwada Auta ta tabbatar ba ciki, ta yi mata allurar. Ta danna auduga a wurin. Na fita na kira mata ashirin da huɗu, na fara da waɗanda aka yi wa aiki. Sauran suka koma gida da riga da hula. Allah ya sa hular tana da wani sirri da ba a gaya mana ba.

Har mun kai ƙofa Sista ta kira mu. Ta ce tunda an makara haka, allurar ba za ta kama ba sai ta kwana bakwai a jiki. Na lissafa da yatsu: Laraba zuwa Laraba. Asabar tana tsakiya, ta yi zaune daram.

Auta ta ce, "Inna, ai zan yi masa bayani, zai fahimta."

Na ce, "Na sani, 'yar nan. Mutumin kirki ne. Ubanki ma mutumin kirki ne."

Saboda haka, masu karatu, in kun ji labarin ciwon baya ya kayar da ni ran Juma'a da yamma, har 'yata ta tare a ɗakina tana jinya ba dare ba rana, kada kowa ya wahalar da kansa zuwa dubiya. Ciwon mai tsanani ne ƙwarai, amma an tabbatar mini zan warke ran Laraba.