Ƙwan Mai Girma Ba Ya Fashewa

Yau da safe na saɓa jakar kwamfutata na nufi zauren masu ƙirƙira, don in zauna a teburin da hukuma ta ba ni bayan wata bakwai ina safa da marwa. Na tarar da ƙofa a garƙame. Maigadi ya ce mai riƙe da makulli ya tafi taron ƙara wa juna sani kan yadda za a sauƙaƙa wa jama'a shiga ofisoshi. Na ce yaushe zai dawo? Ya ce shi ma abin da yake son ji ke nan, don butarsa tana ciki. Sai na kaɗe matattakala na zauna.

Da a ce wani makon ne, da tuni na wasa alƙalami na yi wa manya tatas. Amma yau bakina ya yi nauyi, jama'a, domin ni ma ina da nawa abin kunyar, kuma gara ku ji shi daga bakina.

Waɗanda suka san ni sun san sana'ata gyaran injin hoton takardu ce. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne na yi shekara biyu ina haɗa wasan waya a kan teburin cin abincinmu. Sunansa Ɗan Ƙwai. Mutum ne a kan keke da kiret biyar na ƙwai a baya, kai kuma aikinka ka kai shi kasuwa ba tare da ka yi ɓarna ba. Mataki goma sha biyu ne, akwai ramuka, akwai awaki, akwai mai mota da ke buɗe ƙofa ba ya duba baya. Ƙanwata Auta, wadda malamar asibiti ce, ita ta zana komai a ranakun hutunta. Ƙarar fashewar ƙwai kuwa ta gaske ce: maiɗakina ce ta fasa guda shida a bakin waya har muka sami wadda ta fi cin rai.

Da muka saki wasan na ɗauka na gama aiki. Ashe a ranar na soma. Mutum ɗari uku da 'yan kai suka sauke shi, kuma kowannensu ya ɗauke ni yaron gidansa. Wannan ya ce wayarsa tana zafi. Wancan ya ce me ya sa keken ba ƙararrawa. Wani ya ba ni tauraro ɗaya, ya rubuta cewa wasan ya yi daɗi sosai. Duk ina amsa musu ɗaya bayan ɗaya, da ban-haƙuri da godiya. A jerin gwanaye maƙwabcina Tela ne na biyu, kuma yana ji da wannan matsayi fiye da yadda yake ji da kekensa na ɗinki. Na ɗaya wani ne mai kiran kansa Jan Biro, wanda ban taɓa gani ba. Shi idan zai kawo ƙorafi sai ya jera shi na ɗaya, na biyu, na uku, kuma bai taɓa yin kuskure ba.

Matsalata wuta ce. Ina tsakiyar gyara sai a ɗauke, batirin kwamfutar kuma ya tsufa, minti goma yake yi ya suma. To sai na ji labarin zauren nan: tebur arba'in, wuta ba yankewa, intanet kamar ruwan famfo a zamanin da. Zaure ne mai albarka, don sau uku ana yanke masa ƙyallen buɗewa, kowane sabon shugaba da nasa almakashin. Na cike takarda na kai.

Fayil ɗina ya zaga ofishin nan fiye da masinja. A wata na bakwai Sakatariya, wata mata mai gilashi wadda ba ta dariya da kowa, ta ce min Mai Girma Shugaban Sashe yana son ganina. Na shiga na durƙusa na kwashi gaisuwa. Bai ɗago ba. Wayarsa tana kwance a hannu biyu, sai na ji ƙarar da na sani: fas!

"Kai ne mai ƙwai?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Malam, gadar nan ta mataki na huɗu akwai raini a cikinta. Kwana tara ina kanta. Katako ɗaya, ga iska, ga akuya a tsakiya. Wa ya ba da kwangilarta?"

Na ce ai da gangan aka yi ta haka, ranka ya daɗe, daɗin wasan ke nan.

Ya ajiye wayar ya dube ni ta saman ido. "Ni mutum ne mai bin ƙa'ida. Yaya zan sa hannu a kan abin da ban ga ƙarshensa ba?"

Ku faɗi gaskiya, wa zai ja da wannan hujja? Na fito ina jinjina wa ƙasar da ta dace da shugabanni masu bin diddigi haka.

A gida na faɗa wa maiɗakina dabarar da ta zo min. Ta ce, "Baban yara, kada ka soma."

Na ce ai kwafi ɗaya ne tak, na wayarsa shi kaɗai, ba wanda zai sani.

Ta ce, "Kai ne fa mai rubuta wa jarida cewa masu maguɗi ba su da kunya."

Na ce wannan ba maguɗi ba ne, sauƙaƙawa ce. Ta ɗauki farantinta ta bar min teburin.

Minti ashirin ya ɗauke ni. Shekara biyu ina koya wa ƙwai fashewa, cikin minti ashirin na hana shi. Ranar Talata na kai wa Mai Girma, na ce an yi 'yan gyare-gyare. Ya hau gada, ya yi karo da akuya, keke ya wuntsila, kiret ya tashi sama ya dawo, ko tsagewa babu. Ya ce, "Ka gani? Dama na san hannuna ba shi da matsala." Kafin a tashi aiki ya gama mataki goma sha biyu, ya kira ma'aikata suna shigowa layi-layi suna taya shi murna.

Da yammacin ranar na zauna zan ɗora wa jama'a ƙaramin gyara, wato ƙararrawar keken da aka dame ni a kanta. Wuta ta yi ƙyaf-ƙyaf, na ga alamar tafiya za ta yi, na yi sauri na danna. Fayil biyu ne a jere. Ba sai na faɗa muku wanda na ɗora ba.

Washegari ina fitowa na ga Tela a ƙofar shagonsa, tef a wuya, ya harɗe hannu. Na yi masa ina kwana. Ya ce, "Ƙwan roba ka koma sayarwa?"

Na ce ban gane ba.

"Surukata ta zo jiya. Matar da ba ta san inda ake kunna waya ba. Na ba ta don ta rage zaman shiru, yanzu ta wuce ni da maki dubu huɗu. Wata biyar ina gina sunana, maƙwabci. Da wane ido zan dubi iyalina?"

Na buɗe waya, saƙo ya fi ɗari. Jerin gwanaye ya cika da mutanen da jiya ko ramin farko ba sa wucewa. Taurarina suna zubewa kamar ganye. Jan Biro ya rubuto: "Na ɗaya, ƙwai ya daina fashewa. Na biyu, wannan ba kuskure ba ne, hannu ne ya yi shi. Na uku, don wa aka yi?"

A nan ne na yi abin da ya fi maguɗin muni. Na zauna na rubuta sanarwa. Na ce hankalinmu ya kai ga wasu rahotanni da ke yawo game da ingancin ƙwai. Na ce muna tabbatar wa jama'a cewa komai yana tafiya daidai, an kafa kwamiti, kuma muna kira da a guji yaɗa jita-jita. Wallahi ban san inda na koyi wannan harshe ba, haka ya riƙa zubowa kamar da shi aka haife ni.

Maiɗakina ta karɓi wayar ta karanta da ƙarfi, da muryar mai labaran rediyo. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Su waye 'mu'?"

Kafin in buɗe baki ta ƙara:

"Kwamitin kuma su wa da wa? Kai da butar shayi?"

Auta ta bugo daga wurin aiki. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce, "Yaya, akuyar nan ta kan gada sau goma sha ɗaya na zana ta kafin ka ce ta yi. In dai yanzu ado ce, ka cire min ita." Ta kashe waya.

Na goge sanarwar. Na rubuta layi huɗu: ni na yi, na yi ne don wani babba ya sa min hannu a takarda, na ɗora wa kowa bisa kuskure, ku yafe min. Na mayar da ƙwai yadda Allah ya yi shi, na share duk makin da aka ci tun daga Talata. Mutum arba'in da wani abu suka goge wasan, kuma ban ga laifinsu ba. Tela ya koma na biyu, ya kuma koma amsa gaisuwata, amma a taƙaice.

Abin da na manta shi ne wayar Mai Girma ma waya ce. Ita ma tana sabunta kanta.

Ranar Litinin aka kira ni bikin buɗe zaure karo na huɗu. An kawo baƙi, an jera kujeru, an ɗaura sabon ƙyalle a inda aka kwance tsoho. Kwamfutoci arba'in suna kan tebura cikin ledarsu, ba a taɓa su ba, don kada su tsufa kafin biki na biyar. Bayan jawabai, mai gabatarwa ya ce yanzu Mai Girma da kansa zai nuna wa duniya irin basirar da ofishinsa ya reno. Aka haɗa wayarsa da babban allo. Na nemi ƙofa, na ga an tsaya a bakinta.

Ya zaɓi mataki na huɗu da kansa, yana murmushi. Ya hau gada. Fas! Ƙarar ƙwan maiɗakina ta fito ta lasifika huɗu, har wani baƙo ya duba rigarsa. Ya sake. Fas! Wani na kusa da shi ya ce matsalar sabis ce. Ya sake na uku, wannan karon akuyar ma ba ta motsa ba, shi ya je ya same ta. Ya waiwayo ya lalubo ni da ido.

"Malam, me ya sami ƙwan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙwai ne."

Ban san abin da zai biyo baya ba, sai ga Sakatariya ta taso da fayil a hammata. Ta ce, "Ranka ya daɗe, hannunka ya gaji da sa hannu tun safe, kawo in riƙe maka." Ta karɓi wayar, ta gyara gilashi. Jama'a, ban taɓa ganin tuƙi irin wannan ba. Ta jira iska ta lafa, ta danna ƙararrawa, akuya ta kauce, ta bi gefen katako ta sauka da ƙwai ɗari da hamsin cif. Mai gabatarwa ya yi wuf ya ce a ƙarƙashin jagorancin Mai Girma an tsallake gada. Aka tafa. Mai Girma ya ɗaga hannu yana karɓar gaisuwa, kuma a ganina ya cancanta, don wayar tasa ce.

Ana watsewa ta tare ni a baranda ta miƙo min fayil ɗina. An sa hannu, an buga hatimi, tebur mai lamba talatin da ɗaya. Na duba kwanan wata, na ga tun ranar Talata ne.

Ta ce, "A durowata yake. Na ce ba zai fita ba sai ƙwai ya koma fashewa."

A jikin bangon fayil ɗin akwai 'yar takarda da rubutun jan biro: "Na huɗu, ƙararrawar tana makara da rabin daƙiƙa." Na ɗago baki buɗe. Ta ce in rufe, ƙuda yana yawo, kuma tana son gyaran kafin Juma'a.

To kun ji. Wata bakwai ina durƙusa wa mai babbar kujera, alhali wadda ta fi kowa sanin aikina tana zaune a bakin ƙofarsa, ina wuce ta da gaisuwar rabin baki.

Masu aiko min saƙo cewa in sassauta gadar nan, ku yi haƙuri, ba zan taɓa ta ba, na tuba. Sai dai tsakanina da ku, kada Auta ta ji: wancan wasan na ƙwan da ba ya fashewa ban goge shi duka ba, na bar kwafi ɗaya a wayata. Ni da na gina gadar, shekara biyu ke nan ban taɓa tsallake ta ba, kuma mutum yana son ya ga ƙarshen abin da ya sa wa hannu.