Cindo da Katunan Mamata

Da mijina Sha'aibu ya rasu bayan girbi, ya bar ni da yara uku da ƙaninsa Cindo. Cindo babban mutum ne har da gemu, ƙarfi kamar sa, sai dai duk abin da aka faɗa masa haka zai yi, ba ragi ba ƙari. Maganar ƙarshe da marigayi ya yi mini ita ce, "Ladi, ki riƙe Cindo, kada a jefa shi cikin rigima." Shi ya sa ranar da Sagiru, shugaban matasan wata jam'iyya, ya zo neman masu taimakawa wajen rajistar zaɓe, Cindo ya ɗaga hannu, sam ban so ba.

Wata rana Sagiru ya ce masa, "Duk babban mutum a garin nan ka kawo shi rajista, ko da goyo ne." Cindo ya tarar da Baba Audi yana alwala a ƙofar gida, ya suri tsoho ya saɓa a baya har da butarsa.

"Kai, ɗan nema, sauke ni! Ina da katina tun kana tsumma!"

"Yi haƙuri, Baba, an ce ko da goyo."

Haka ya ratsa kasuwa da shi har firamare, inda ake rajistar.

Wata rana kuma malamin rajista ya ce wa Cindo ya tsare layi, kada kowa ya tsallake wani. Sai ga ɗan takarar kansila ya zo da babbar riga zai shiga ya gaisa da ma'aikata. Cindo ya kama hannunsa ya ja shi har ƙarshen layi.

"Ka san ko ni wane ne? Ni ne ɗan takara!"

"To ɗan takara, bayan Inna Delu kake."

Mata suka yi ta guɗa. Da yake ƙuri'arsu yake nema, haka ya tsaya a rana yana murmushin dole, gumi na bin wuyansa.

Wata rana na dawo daga niƙa na iske Cindo ya share ɗakin marigayi, ya wanke rigarsa ta Juma'a ya shanya. Na ce lafiya? Ya ce, "Yaya Sha'aibu zai zo. Sagiru ya ce in bi gidajen da aka yi rasuwa in karɓo katunan zaɓen mamatan, su ma za su yi zaɓe." Ya nuna mini leda cike da katuna, na mijina a sama. Na zauna a kan turmi. Na san in aka kama, ba Sagiru za a ɗaure ba, mai riƙe da leda za a ɗaure. Na yi lallashi, na yi faɗa, ya ƙi ba ni. Wai amana ce.

Da safe ya fita, na yafa mayafi na bi shi. Ina zaton gidan Sagiru zai nufa, sai na ga ya miƙe firamare. Ga mai unguwa, ga ɗan sanda, ga jama'a. Ya zazzage katunan a kan tebur.

"Malam, wace rana waɗannan za su iso? Ina so in tari Yayana a tasha."

Malamin rajista ya ɗaga kati ɗaya ya duba. Mai unguwa ya ce, "Ai wannan ni na yi masa salla." Ɗan sanda ya matso. "Wa ya ce maka za su zo?"

"Sagiru. Ga shi can gindin darbejiya."

Kafin a waiwaya Sagiru ya taka babur, ko hularsa da ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Malamin ya tattara katunan, ya ce za a soke sunayen, ya miƙa wa Cindo hannu. Ɗan sanda ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, tafi da shi gida, ba ruwansa."

A hanya Cindo ya ce, "Yaya Ladi, ashe ba zai zo ba?"

"Ba zai zo ba, Cindo. Addu'a za mu yi masa."

Ya share ido da bakin riga. "Allah ya jiƙansa. To kazar da na kama masa fa?"

"Wace kaza?"

"Taki mai wake-wake. Na riga na yanka."

Tun rasuwar ban yi dariya ba sai ranar, a tsakiyar titi, har mutane na kallona.