Cutar da Na Ɗora wa Saniyar Baba Ummaru

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙirƙiro wata cuta da bakina ba, cutar da babu likitan da ya taɓa jin labarinta, na kuma ɗora ta a kan mutumin da ya fi kowa yarda da ni.

Lokacin ban daɗe da gama difloma ba, na dawo gida Talatar Mafara ina jiran aiki. Sai aka turo wata likitar dabbobi 'yar Kudu ta yi wa mahauta bita a kan tsabtar nama. Aka gayyato na Mafara da na Bakura da na Maradun, aka taru a wata rumfa kusa da mayanka. Matsalar ita ce Hausar likita ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Dole a nemo tafinta.

Baba Ummaru ne ya ce a kira ni. Aminin mahaifina ne, yana fawa tun kafin a haife ni, kuma tun da mahaifina ya rasu bai taɓa barin Sallah ta wuce bai aiko mana da cinya ba. A gabana ya ce wa sarkin fawa, "Ku ba wanga yaro. Turanci awa ruwa yake ga bakinai." (Ban musa ba. Sunkuyar da kai na yi irin na masu tawali'u.)

Da farko komai ya tafi daidai. Ta ce a wanke wuƙa, na ce a wanke wuƙa. Ta ce a rufe nama saboda ƙuda, na faɗa har da ƙarin gishiri. Baba Ummaru yana sahun gaba cikin babbar riga, duk jimlar da na fassara sai ya waiga ya dubi mahautan Maradun yana murmushi, wai su gani.

Murmushin nan nasa ne ya ja hankalin likita. Ta tambayi sunansa, ta nuna shi, ta fara da wata kalma da ban taɓa ji ba, "hypothetical". Sauran maganar na gane ta: saniyarsa ba ta da lafiya, ya yanka, ya sayar, mutane suka ci suka kwanta, to me ya kamata a yi?

A nan ya kamata in ce ta maimaita. Amma idanu sun yi mini yawa. Sai na tuna sunan hawan jini da Turanci, na ji farkonsu ya yi kama, na ce a raina lalle wannan ma ciwo ne. (Wallahi har daɗin kaifin basirata na ji.) Na gyara murya na ce:

"Jama'a, likita ta ce wata muguwar cuta ta ɓulla, sunanta haifotetikal. Ta kama saniyar Baba Ummaru, shi kuma ya yanka ya sayar wa mutane, suka ci suka kwanta."

Rumfa ta ɗauki salati. Baba Ummaru ya miƙe a hankali.

"Mi kac ce, ɗana? Saniyata? Yaushe?"

Wani daga baya ya ce, "Ashe shi ya sa iyalina sunka yi ta ciwon ciki makon jiya!"

Likita ta ga wuri ya hargitse, ta tambaye ni abin da na faɗa. Da na gaya mata sai ta dafe kai. Ta yi mini bayani dalla-dalla kamar ɗan aji ɗaya: kalmar ba cuta ba ce, siffa ce ta abin da bai faru ba, wanda ake ƙaddarawa kawai don a yi tunani a kansa. Wato duk tsawon nan nata, ma'anarta "a ce". A ce saniyar ta yi ciwo. Abin da ko yara masu wasan ƙasa suna faɗa.

Na juya na warware magana. Amma wasu mahautan Bakura sun riga sun fita neman mota, wasu kuma waya na kunnensu. Ga shi washegari Talata, ranar kasuwa. Kafin gari ya waye labari ya isa Damri, ya isa Janbako, gyarana kuwa ko bakin titi bai kai ba. Waɗanda suka ji gyaran ma cewa suka yi matsa wa yaron aka yi ya janye.

Ranar Talatar nan masu tuwo da masu tsire suka riƙa kauce wa teburin Baba Ummaru. Na je na tsaya a gefensa ina tare mutane ina bayani. Wata tsohuwa ta saurare ni har ƙarshe, ta gyaɗa kai, ta ce, "To Allah shi kyauta. Amma dai ita saniyar ta warke?" Ta wuce teburin gaba. Da la'asar ina kallo ya kwashe naman da bai shiga ba, ya ce a kai gida a yi kilishi.

Na bi shi gida na durƙusa. Ya amsa gaisuwata duka, ya tambayi mahaifiyata da ƙannena ɗaya bayan ɗaya. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Sai da ya gama ya ce, "Ni na kai ka wurin. Da ka dube ni kawai, ni da kaina zan yi mata nuni da hannu yaro bai ji ba, ta sake. Wa za shi kashe ka?"

Ya yafe mini a ranar. Ciniki ya dawo sannu a hankali, amma ba duka ba. Akwai wata mai abinci a tasha da ta koma wurin wani mahauci, ba ta sake dawowa ba, har yau kuma ba na iya bi ta gaban shagonta.

Yanzu na san kalmar sarai, har na iya rubuta ta ba kuskure, sai dai ba ta taɓa yi mini amfani ba ko sau ɗaya. Wadda nake amfani da ita kullum ita ce "ban gane ba". Ba ta da kwarjini ko kaɗan, amma ban taɓa jin ta hana wani bawan Allah ciniki ba.