Waƙar Rumawa Da Na Aika Gusau

Ba zan taɓa mantawa da zuwan ƙanena Nasiru aikin Umara ba. Har yau in na tuna sai in ja mayafi in rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki. Malamin adabi ne a wata jami'a a gida. Wajenmu ya sauka a unguwar Ƙurban da ke Madina, kullum in ya dawo daga Harami sai ya duƙufa kan wasu takardu.

Shekara uku ke nan shi da babban wanmu, Yaya Bala, ba sa magana. Ranar da Inna ta rasu a Gusau, Nasiru yana hanya daga Zariya, ya roƙi a jira shi, Yaya ya ce a kai ta makwancinta. Shi ke nan. Ni da nake Madina ko likkafaninta ban gani ba, amma ni ce a tsakiya. Babu sujadar da ba na ambaton su.

Wata safiya ina share ɗakin baƙi na ga takarda a kan darduma, rubutun Nasiru, da Hausa. Yana magana da wani kai tsaye, yana kiran sa ɗan'uwa, yana tambayar sa abin da ya raba jini ɗaya. Layi huɗu na karanta hawaye ya rufe min ido. Na ce alhamdu lillahi, albarkar garin Manzo ce, zuciya ta yi laushi, kunya kawai ta hana shi aikawa. (Da ɗan ilimina na sakandare na naɗa kaina jakadiya.) Na ɗauki hoton takardar na tura wa Yaya, har da ƙarin bayani: "Ga saƙon ƙanenka."

Bayan la'asar muna shan shayi da dabino, maigidana yana zaune, kira ya shigo. Da na ga Yaya ne sai na buɗe muryar wayar don kowa ya ji abin farin ciki. Ni ce har da gyara zama.

"Ba shi wayar! Ni ne ban san haƙƙin gawa ba? Ni ne azzalumi?"

Nasiru ya karɓa, ya duba abin da na tura, ya dafe kai.

"Yaya Bala, ba wasiƙa ba ce, waƙa ce. Wani Barume ya yi ta da harshen Latin kusan shekara dubu biyu da suka wuce, a kan yaƙin basasarsu. Fassara ta nake yi."

"To wane ne 'kai' ɗin da ake ta zagi?"

"Wani sarkin yaƙi ne. Salon mawaƙin ke nan, sai ya ajiye labari ya juyo yana yi wa mutanen ciki faɗa kamar suna gabansa. Mawaƙan Turai da yawa a wajensa suka koya."

Yaya ya ce a hankali, "Duk waƙoƙin duniya ka rasa ta fassarawa sai wannan?"

Muna ji aka kashe wayar.

Maigidana ya turo min kofi ya ce, "Halas, shi ke nan, sha shayinki." Ina shayi zai wuce? Na tashi na ɗauko takardar na karanta abin da ban karanta ba. Daga layi na biyar babu komai sai masu, ungulaye, da gawarwakin da aka bari a fili. Wannan na tura wa mutumin da ya sa uwarmu a kabari da hannunsa.

Da Nasiru ya yi min faɗa da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Da kin tambaye ni." Ya ƙarasa kwanakinsa ya koma, har yau ba su sake magana ba. Nakan lallashi kaina da cewa a shekara uku ni kaɗai na taɓa haɗa su hira. Na duba wayar, ba ta kai minti uku ba.

Addu'a dai ban fasa ba. Amma yanzu ko takardar magani aka ba ni, sai na kai ƙarshen shafi kafin in fara kuka.