Jar Rina Ta Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, da duk abokan tseren ƙananan motocin rimot na filin bayan tsohuwar masana'anta, cewa motata Jar Rina ta rasu ranar Asabar da ta wuce, da rana tsaka, a kwanar ƙarshe, tana kan gaba. A riƙe wannan da kyau: tana kan gaba.

Marigayiya ba ta fi tsawon hannuna ba, daga gwiwa zuwa yatsa. Amma mai take sha, ba batir ba. Tana da fistin da filogi da salansa kamar kowace motar mutunci. Wanda zai ce abin wasan yara ce, ya bar ta'aziyyarsa a gida, ba na so.

A hannun ɗan gwangwan na same ta, cikin kwali, babu taya ɗaya, a shekarar da ciwo ya taɓa min ƙafar hagu. Ƙafar kuloci ke nan. Ni direban tirela ne tun gemuna bai fito ba. Da ƙafar ta ƙi, kamfani ya karɓi makulli, aka ba ni agogon bango, aka ce in je in huta. Na huta har na fara yi wa uwar yara gyara a wanke-wanke. Rina kuwa ba ta tambayi ƙafa ba. Yatsu kawai take so, wannan a totur, wancan a sitiyari. Albarkacinta aka ci gaba da ce min Direba, ba Baba ba.

Tana da halinta, ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba. Tashi da safe sai an roƙe ta. A ɗumama filogi, a ja igiya, ta ce "tuf, tuf," ta yi shiru kamar an ɓata mata rai, sannan ta ɗauka: "wiiiin!" Daga nan har karnukan layi sun san mun tashi. Da zare na daidaita mata ƙafafu, yadda muke yi wa babbar mota a daji in babu gareji kusa. Man shokazoba na yi ta canza mata har ta daina tsalle a ramin da ke gaban famfon filin. Tayoyinta da gam nake manna su, kuma yatsuna sun sha haɗewa, uwar yara na raba su da ruwan ɗumi tana cewa tsufa ya zo da gardama. Teburin cin abinci ya koma gareji. Marigayiya ba ta taɓa zubar min da mutunci a gaban jama'a ba, sai dai in ni na yi kuskuren kwana.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Duk sirrin irin wannan mota a allura ɗaya yake, a jikin kafireto. Ka buɗe ta, mai ya yi yawa, mota ta yi nauyi tana tari. Ka matse ta, mota ta tashi kamar aljana. To amma man nan shi ne ke sanyaya injin, ka hana ta sha, ka hana ta rai. Gwajinmu biyu ne a filin. Na farko, dole shuɗin hayaƙi ya riƙa bin bayanta. Sannan ka ɗiga yawu a kan injin: in ya zauna yana tafasa a hankali, lafiya lau, in ya ce "cus" ya ɓace, kashe ta maza.

Akwai wani likitan haƙori da ya shigo mana da motar batir, ba kuka ba hayaƙi, tana wuce ka kamar ɓarawo. Tun da ya zo ban sake ganin gaba ba. Kuma in ya ci sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Sannu Baba, an yi ƙoƙari." Ranar Asabar na matse allura. Mai walda, abokina da ke tsayawa kusa da ni a kan bencin direbobi, ya ce, "Direba, babu hayaƙi fa." Na ce hayaƙi ba ya cin tsere. Na ɗiga yawu, ya ce cus. Na ce bakina ne ya bushe.

Ba ta taɓa kuka mai daɗin na ranar ba, siriri, tsaf, ba tari ko ɗaya. Ta wuce motar likita a miƙaƙƙen layi, tsigar jikina ta tashi kamar ranar da na fara sauko da tirela daga gangare. A kwanar ƙarshe ta ce "kak." Shi ke nan. Ta gangara kaɗan ta tsaya. Likita ya kewaye gawar ya ci.

Mai walda ya buɗe ta a shagonsa. Fistin ya narke ya manne, sandarsa ta huda cikin injin ta leƙo waje. Ya ce ko uban masu walda ba zai tashe ta ba, kuma masu ƙera irin injin sun daina tun tuni. Ana ta cewa ni na kashe ta. Su faɗa. Gara mota ta mutu a guje da ta ruɓe a kwali.

Ta rasu ta bar rimot ɗaya mai lanƙwasasshen eriya, tayoyi masu sauran rai, rabin galan na man da ba ya shiga komai a gidan nan, da tabo a tebur. Ta bar uwar yara, wadda da jin labari ta ce Allah ya ƙara nauyin ƙasa, amma washegari na tarar ta wanke jar rigar motar, wato bodinta, ta shanya a taga. Ta kuma bar ni.

Dokar filinmu kowa ya santa: mai mota ke hawa benci. Wanda ba shi da ita, aikinsa ya tsaya a kwana, in ta wani ta kife ya ruga ya miƙar da ita. Ni da sanda nake tafiya. Ba benci, ba kwana. Likita ya ce zai ara min tsohuwar tasa in riƙa zagayawa. Na gode, ya riƙe abarsa, ban taɓa tuƙa motar da ba na jin numfashinta ba. Da na tayar da maganar sayen wata motar, uwar yara ta ɗago kwandon magungunana ta ajiye a gabana. Ta fi ni gaskiya.

Gawa na kan tebur, mai son gani ya zo, amma ban da taɓa allura. Ba za a yi mata salla ba, na san ƙarfe ce, kada wani ya zo min da wa'azi. Asabar mai zuwa da hantsi za a kai ta filin. Zan ɗauke ta a hannu daga inda ta tsaya in ƙarasa da ita layin ƙarshe. Zan daɗe, a yi haƙuri, kuma kowa ya kashe tasa har mu isa. Daga nan a mayar da ita kwalinta, a ɗora saman kwaba. Gurbina na kan benci a ba wanda ya ga dama, kada kuma a riƙa bugo min waya ana gaya min wanda ya ci.

Daga gida za a tashi. Duk mai babbar mota a cikinku ya biyo ya ɗauke mu, ni da ita. A baya zan zauna.