Nomau da Man Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

A Kwanar Marke akwai wani gida mai ƙyauren langa-langa, mutum huɗu ne a cikinsa: Inna Tabawa, da babban ɗanta Zubairu mai gyaran kwamfuta a bakin kwaleji, da ƙaninsa Nomau, da matar Nomau, Larai. Nomau magidanci ne har da gemu, ga ƙarfi ga ladabi, sai dai magana yadda ta shiga kunnensa haka yake aikata ta, ba ragi ba ƙari. Da gona ta gagare shi, Inna ta ce wa Zubairu, "Ka tafi da ɗan'uwanka shago, ko shara ya riƙa yi maka." Zubairu ya tafi da shi, don ba a yi wa Inna musu.

Wata rana wani ɗalibi ya kawo laftof tana huci kamar tukunyar ɗanwake. Zubairu ya taɓa ta ya janye hannu. Ya ce, "Ta ɗau zafi. Nomau, kai ta ciki, sai ta huce za mu buɗe." Can ya ji ƙus-ƙus a bayan labule. Ya leƙa, sai ga Nomau durƙushe gaban laftof, ya cire hula.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Yaro ne, bai san darajarki ba."

"Me kake yi?"

"Haƙuri nake ba ta, Yaya. Ta fara saukowa, taɓa ka ji."

Zubairu ya taɓa. Ta kuwa huce.

Wata rana Zubairu ya ce bari ya koya masa aikin sosai. Ya kwance bayan wata laftof, ya ɗaga fanka da ƙarfen da ke janye zafi, ya nuna masa wani ɗan murabba'i mai sheƙi. "Wannan ce ƙwaƙwalwarta, ta gefen kuma ita ke kula da hoto. Akwai wani mai toka-toka da ake sa musu, shi ke miƙa zafi ga ƙarfen. In ya daɗe yakan bushe. Zan je masallaci. Ga auduga, ga sifirit, ka goge tsohon nan da ya bushe kafin in dawo." Nomau ya duba hagu, ya duba dama. A bakin shago kuwa Baba Ɗanjummai mai facin taya yana gyangyaɗi a kan benci, ƙafafunsa furu-furu. Nomau ya ce lallai babu tsohon da ya kai wannan bushewa. Ya jiƙa auduga ya fara daga ƙauri. Yana isa faso, Baba ya zabura da ihu, ya yi ƙwallo da kwanon gwajin tiyub.

"Kai ɗan nan, me na yi maka?"

"Tsaya, Baba, saura ɗaya ƙafar."

Sai da Zubairu ya saya wa tsoho shayi da burodi kafin maganar ta mutu.

Wata rana kuma Malama Suwaiba, mai koyar da lissafi, ta kawo tata. Zubairu ya goge ƙwaƙwalwar da kansa tas, sai aka kira shi a waya. Yana fita ya ce, "Saura mai. Ƙwayar shinkafa ɗaya za ka sa a tsakiya, kada ka wuce haka." Nomau ya sheƙa gida. Larai ta ba shi man gyaɗa a murfin kwalba, Inna ta ba shi shinkafa tana tambayar wane irin baƙo ne mai cin ƙwaya ɗaya. Ya dawo ya ɗiga mai, ya ɗora ƙwayar a tsakiya daidai, ya mayar da ƙarfe ya ɗaure. Da aka kunna, shago ya ɗau ƙamshin suya. Malama ta shaƙa ta ce, "Malam Zubairu, abinci kuka fara sayarwa?" Nomau ya ce, "Ai da Yaya ya ce a sa yaji, da kin ji daɗinta." Zubairu ya wuni yana wanke allon kwamfutar, Allah ya sa ba ta ƙone ba. Daga ranar ya hana Nomau taɓa komai sai tsintsiya.

Wata rana babban aiki ya samu. Makarantar 'yan mata ta turo duk kwamfutocin da za a rubuta jarrabawa da su, kowacce na mutuwa da ta yi zafi, ga jarrabawa ta matso. Man Zubairu kuma ya ƙare. Ana haka sai ga wani baƙo mai jakar goyo da tabarau, ya zube sirinji-sirinji na man a kan tebur, kwalinsu na ƙyalli. Ya ce daga waje aka kawo, ko injin jirgi aka sa wa sai ya yi sanyi. Zubairu ya matsa kaɗan a yatsa, ya ga launin ya yi, kaurin ma ya yi. Suka shiga ciniki, baƙo ya ƙi sassautawa. Zubairu ya gaji, ya waiwaya.

"Nomau, kana tsaye kana kallo, sa baki mana!"

Nomau ya jingine tsintsiya, ya ɗauki sirinji ɗaya, ya kafa baki ya zuƙa. Zubairu ya yi salati. Nomau ya mutsa kumatu, ya kurkura, sai kumfa ta fara fitowa ta gefen gemu.

"Yaya, wannan irin na Larai ne da take goge haƙori da shi. Amma nata babu toka."

Zubairu ya kai yatsansa hanci. Ƙamshin na'a-na'a ya buge shi. Da an shafa wannan, da tsakiyar jarrabawa kwamfutocin za su ɗauke, yara su tashi a banza, sunan shago ya ɓaci har abada. Kafin ya ɗago, baƙo ya tattare jaka ya haye acaɓa, ko takalminsa ɗaya bai tsaya ɗauka ba.

Zubairu ya zauna, ya dubi ƙaninsa. Ya miƙa masa buta ya wanke baki, ya ce, "Nomau, yau kam ka ciri tuta."

Nomau ya tofar da ruwa. "Ban cira ba tukuna, Yaya. Amma akwai ɗaya a firamare."

Ya naɗe ƙafar wando ya nufi makaranta, Zubairu na binsa a guje.