Ƙahon Baba Iliya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka yi wa Baba Iliya walimar ban kwana ba. Ko yanzu na tuna sai in ji kamar in ja mayafi in rufe fuska.

Baba Iliya masinja ne a ofishinmu, dattijo mutumin kudancin Bauchi, gidansa a Tirwun. Ranar da na fara aiki shi ya nuna mini teburina, shi ya koya mini wace takarda ake kai wa oga da safe, wace kuma ake jira sai ya ci abinci. "'Yata" yake ce mini, ni kuwa da na tashi ba uba, kalmar nan har cikin raina take shiga. A cocinsu shi ke kaɗa jita. In aiki ya lafa sai ya zauna a benci bakin ƙofa, ya fito da guntun ƙahon saniya da magagari, ya yi ta gurza har ya zama ɗan siririn abu mai kusurwa uku, irin wanda ake riƙewa da yatsa biyu a kaɗa wayoyin jita. Farce yake ce masa.

Ni kuma ga zaƙin baki. Kullum na zo wucewa sai na ce, Baba, wata rana sai ka koya mini jitar nan. (Wallahi ko a mafarki ban yi niyya ba. Irin maganar nan ce ta "ina nan zuwa gaishe ku".) Wata rana ya miƙo mini sabulun da ya jiƙa ya yi laushi, ya ce in danna babban yatsana a kai. Na danna ina dariya, na ɗauka wasan tsofaffi ne, na wuce abina.

A zuciyata kuwa tausayinsa nake ji. Ni kaɗai na zauna na yanke hukunci cewa rashi ne ya sa bawan Allah yake fama da ƙaho, tunda ai duniya ta ci gaba, komai akwai na kamfani.

Da lokacin ritayarsa ya zo aka ɗora mini sayen kyauta (in za a bi gaskiya, ni na ɗora wa kaina). Wasu suka ce bargo, wasu agogon bango. Na dube su na ce ba su san Baba ba kamar yadda na san shi. Na je shagon kayan kiɗa na samo fakitin faratan roba, ja da kore da ruwan ɗorawa, sai ka ce alewa. Na naɗe a takarda mai ƙyalli, na koma gida Ƙofar Wambai ina jin kaina.

Ranar walima ɗakin taro ya cika. Ga matarsa Mama Rahila, ga 'ya'yansa, ga mawaƙan cocinsu sun yi anko. Aka ba ni abin magana, na yabe shi, har nan lafiya lau. Da na tsaya a nan da na tsira. Amma ina, baki ya riga ya ji daɗin lasifika. Na ɗaga kyautar sama na ce:

"Shekara da shekaru muna kallon Baba yana wahala da ƙahon saniya. To daga yau ya huta. Ga na zamani mun kawo, a zubar da tarkacen nan!"

Oga ya tafa sau biyu, ya ga shi kaɗai ne, ya daina. Mawaƙan nan duk suka sunkuyar da kai. Baba ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ni kuwa na koma kujerata ina tunanin daɗi ne ya kashe musu baki.

Ana raba shinkafa Mama Rahila ta jawo ni gefe. Ba faɗa, ba ɗaga murya. Ta ce makaɗa daga Jos da Gombe suke takowa har gida su jira Baba ya yi musu farce. Da kansa yake zuwa wajen mahauta ya zaɓi ƙaho, ya dafa, ya miƙar, ya bar shi ya bushe, kuma sai ya watsar da da yawa kafin ɗaya ya yi masa. Ba ya yi wa mutum sai ya auna yatsansa a sabulu. Sannan ta riƙe hannuna ta ce:

"Naki yana aljihunsa. Sati uku yana yinsa, yau ya so ya ba ki a gaban mutane."

Jama'a, na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Ban gama farfaɗowa ba aka ce Baba ya ɗan kaɗa mana na ban kwana. Sai ya buɗe fakitina, ya zaɓi kore, ya fara. Ni da ban san komai a kiɗa ba ma sai da na ji bambanci, wani ƙyas-ƙyas kawai jitar take yi. Bai canza ba har ya kai ƙarshe. Ya ɗaga robar ya shaida wa mutane 'yarsa ce ta sayo masa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da aka watse na same shi yana saka jita a jaka, na durƙusa.

"Baba, ka yafe mini. Na raina sana'arka a bainar jama'a."

"Ba ki raina ba, 'yata, ba ki sani ba ne."

Ya zaro hankici ya kwance. Farcen baƙi ne mai zanen fari, santsi kamar an shafa masa mai, da ɗan kwarmi a tsakiya. Na riƙe, yatsana ya zauna daram a ciki. Nan na fashe da kuka, irin mai majina, a gaban masu kwashe kujeru. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce:

"Ran Asabar ina jiran ki. Ba na yi wa mutum farce ya je ya ajiye a durowa."

To, ƙaryar zaƙin baki ta kama mai ita. Haka na riƙa zuwa Tirwun duk Asabar, yatsuna suka yi kanta. Tun daga nan na yi hankali: in na ga mutum ya duƙufa a kan abu, ba na rugawa in cece shi sai na tambaya ko ceton yake nema.

Har yau waƙa ɗaya na iya. Ita ma da na fara sai Mama Rahila ta tuna tana da wanki a bayan gida. Baba kuwa zama yake yi har in kai ƙarshe.